Dutsen da Koni Ya Ƙona

A ƙauyenmu, idan baƙo ya tambayi gidan Konrad Zenger sai an tsaya tunani. Amma yana cewa Koni Mai Gaskiya, ko tsohuwar da ke shanya a bayan gida za ta nuna masa da haɓa: can ƙarshen layi, gidan da rufinsa ya fi na kowa kyau. Sunan ya bi shi shekara ashirin da huɗu. Mutanenmu suna kiransa da shi cikin girmamawa, har da taɓa hula, don mu mutane ne masu son gaskiya ƙwarai, musamman idan wani ne ya ɗauki nauyinta ba mu ba.

Sana'arsa rufin gidaje, gadon ubansa. Daga narkewar dusar ƙanƙara har zuwa saukarta yana bisa rufin mutane da guduma. Sanyi na kamawa aiki ya tsaya, sai ya koma ga abin da ya ɗauka shi ne rayuwarsa ta gaske, wato wasan dutse. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Ɗaya ya tura dutse mai kilo ashirin bisa ƙanƙara, biyu su bi shi da tsintsiya suna goge gabansa don ya ƙara nisa, na huɗu yana can ƙarshen fili cikin da'irar da muke kira gida yana ta ihu. Wanda dutsensa ya fi kusa da cibiyar gida shi ya ci zagayen. Iyakar wasan ke nan, kuma a kansa Koni ya ƙarar da ƙuruciyarsa da kafaɗarsa ta dama.

Wasan yana da wata al'ada da muke taƙama da ita fiye da kima. Idan tsintsiyarka ta taɓa dutse yana cikin tafiya, ko da gashi ɗaya ne, sai a ce dutsen ya ƙone, abokan karawa suna da ikon fitar da shi daga wasa. Ba alƙali ke kama ka ba. Kai da kanka za ka ɗaga hannu ka ce na taɓa.

Koni yana da shekara goma sha ɗaya ya ga abin da ake yi wa wanda bai ɗaga ba. A filin ƙanƙarar bayan coci ne, mahaucin ƙauye, Schneiter, ya taɓa dutse ya yi gum, Gottlieb uban Koni kuwa ya gani. An tashi wasa aka shiga ɗakin shan giya, inda waɗanda suka ci suke saya wa waɗanda aka cinye abin sha a zauna teburi ɗaya, kamar yadda ake yi tun kaka da kakanni. Schneiter na jan kujera, Gottlieb ya ɗauki kofinsa ya koma wani teburin. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mahaucin ya ƙara shekara bakwai a ƙauyen yana sayar musu da nama, suna gaishe shi lafiya lau, babu wanda ya sake kiransa wasa, har ya gaji ya sayar da shagon ya bar kwarin. A hanyar gida ran nan Gottlieb ya ce wa ɗansa, "Ko shakka kake yi, ɗaga hannu. Gara ka rasa wasa da ka rasa kujera." Yaron ya haɗiye maganar, ta zauna masa.

Abokinsa tun na benci ɗaya a makaranta shi ne Balz Aellig, ɗan mai cukun ƙauye. Balz ido gare shi da baki, Koni kuwa damtse da haƙuri. Da suka kafa ƙungiya ba a yi gardamar wa zai ja gaba ba. Balz ne jagora, shi ke tura duwatsun ƙarshe, ɗan baffansa na tsaya masa a gida, Koni da wani dogo mai suna Fredi suna shara. Shekara goma sha tara suna haka. Koni ya san muryar Balz har ta kai daga yadda ya ja numfashi kafin ihu yake gane ko a goga ne ko a bari.

Abu ɗaya suke nema, su ci gasar ƙasa sau ɗaya tak, su sa jar rigar ƙasa mai farin gicciye su je gasar duniya, wadda sau da yawa a Kanada ake yin ta. Ba kuɗi a ciki, ba komai. Su ke sayen man motarsu, su kwana huɗu a ɗaki ɗaya, su ci burodi da cukun uban Balz har ya fita ransu.

"Sai ka ga Kanada da idonka, ɗan rufi," in ji Balz duk farkon hunturu. "Can ko jarirai da tsintsiya ake haifarsu."

"Kai dai ka daina jefa dutse kamar mai korar kare, sai mu ga Kanadar."

"Ji ɗan banza! Da ba don hannuna ba, da har yanzu ƙofar coci kake sharewa."

Sau uku suna kaiwa bakin gaɓa. Na farko yarinta ta cinye su. Na biyu sai da aka kawo ma'auni, aka ga dutsen abokan karawa ya fi nasu kusa da faɗin farce. Na uku Balz ya tashi da zazzaɓi ranar wasan kusa da ƙarshe, ya ƙi yarda ba shi da lafiya, ya zubar da wasan da hannunsa, ya kuma shekara yana cewa ƙanƙarar ce ba ta da kyau.

Regula, matar Koni, ta daina faɗa tun da daɗewa, sai dai ba'a. "Ni ban san me na aura ba," take ce wa maƙwabta. "Lokacin zafi tafin takalminsa nake hangowa a bisa rufi, da hunturu kuwa ƙeyarsa nake gani cikin motar Balz." Amma ita ke shafa masa magani a kafaɗa, ita ce kuma ta raka shi asibitin birnin Thun ranar da likita ya duba hoton ƙashin ya ce jijiyar ta kusa tsinkewa, in ya ƙara fiye da hunturu ɗaya yana shara, ko cokali zai gagare shi ɗagawa. Shekarunsa arba'in da ɗaya a lokacin. Ya gaya wa Balz a bakin shagon cuku. Balz ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sa'annan ya ce, "To bana ce ke nan."

Kamar da wasa kuwa, bana ta zama bana. Suka bi ƙungiyoyi suna kayarwa har suka kai wasan ƙarshe, ranar wata Lahadi da hantsi, da wasu samari daga yankin masu Faransanci, jagoransu wani siriri mai tabarau, Pittet. Rabin ƙauyenmu ya cika motar haya ya je, har da ƙararrawar shanu. Masu talabijin ma sun zo da na'urarsu.

Zagaye na goma, na ƙarshe, ana kunnen doki, dutse ɗaya ya rage a wasan, na Balz. Pittet yana da dutse kwance kusa da cibiya. Abin da ake bukata, dutsen Balz ya lallaɓa ya zagaye wani da ke tare hanya, ya kwanta ya fi na Pittet kusa. Balz ya durƙusa, ya zame, ya saki. Tun daga sakin Koni ya ji a jikinsa dutsen ya ɗan gaza ƙarfi, bai jira ihu ba ya faɗa masa. Shi da Fredi kafaɗa da kafaɗa, kawunan tsintsiyoyinsu suna kai da komo a gaban dutsen, tazarar ba ta fi yatsa biyu ba. Balz na biye da su yana tsaga maƙogwaro: "Goga! Goga, Koni, kada ka bari!" Kafaɗar tana ci masa kamar an zuba garwashi, bai sassauta ba. Suka ƙetare jan layin da ke gaban gida, suka shiga gidan.

A nan ne Koni ya ji shi. Wani ɗan ƙas, a sandar tsintsiya, ya hau tafin hannunsa. Bai kai ƙarar faɗuwar maɓalli ba.

Dutsen ya ci gaba abinsa, ya karkata, ya kwanta a cibiya ɗas, kamar da hannu aka ajiye shi. Zauren ya ɗauki sowa, ƙararrawar shanu ta cika kunne, Fredi ya jefar da tsintsiya sama, Balz ya zube gwiwa biyu bisa ƙanƙara yana kuka da dariya lokaci guda. Koni kuwa yana tsaye, hannunsa na hagu a sama.

Pittet ne ya fara ganinsa. Sa'annan Balz.

"Na taɓa," in ji Koni. "Dutsen ya ƙone."

Balz ya taso ya zo dab da shi, har suna jin numfashin juna. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Koni, dube ni. Ni ina bayanku, ban ga komai ba. Dutsen ko motsi bai yi ba. Ka tabbata?"

"Na ji shi a hannuna."

"Ba abin da ka ji na tambaye ka ba. Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Pittet ya cire tabarau ya goge ya mayar. Yana da ikon ya bar dutsen inda yake, ya ce taɓin bai canja komai ba, wasu sukan yi haka. Ya dubi samarinsa uku, su ma ba su taɓa sa jar rigar ba. Ya ce wa Koni, da Jamusancinsa mai tsami, "Ka yi haƙuri, dattijo." Ya sa ƙafa ya ture dutsen gefe. Ba na ganin laifinsa sosai, ko da yake da ni ne da na ji kunya.

Aka zauna teburi ɗaya kamar yadda al'ada ta ce. Pittet ya sayi giyar, ya miƙe ya ɗaga kofi ya ce bai taɓa karawa da mutumin kirki irin Koni ba. Kowa ya tafa. Balz ya shanye nasa a tsaye, ya bi su ɗaya-ɗaya ya ba su hannu, ya fita ya jira a mota. Tafiyar awa uku suka yi zuwa gida, magana ɗaya ce ta fito daga bakinsa, ita ce, "Rufe tagar nan."

Daga nan yabo ya sauko wa Koni kamar ruwan sama. Jaridu suka buga hotonsa da hannu a sama. Wata ƙungiya a birni ta kira shi ta ba shi faranti na gilashi mai ɗauke da sunansa. Fasto ya yi wa'azi da shi har sau biyu. Su mutanen da suka dawo cikin motar haya suna tsine masa a ɓoye, su ne suka riga kowa kiransa Mai Gaskiya.

Balz kaɗai bai yabe shi ba, bai kuma zage shi ba, da ma ya zaga da ya fi sauƙi. Suna haɗuwa a hanya ya ce barka da asuba ya wuce. Ƙungiyar ta watse ba tare da an ce ta watse ba. Fredi ya koma Basel, daga baya aka ji rasuwarsa. Da iska ta yaye rufin shagon cuku, wani mai rufi Balz ya ɗauko daga kwarin da ke maƙwabtaka da mu, Koni na hango shi daga tagarsa yana aikin banza. A ɗakin shan giya kuwa, in Koni ya ja kujera a teburin tsofaffin 'yan wasa, Balz yakan duba agogo ya tuna yana da aiki. Abin da aka yi wa mahauci don ya ɓoye, shi aka yi wa Koni don ya faɗa, kuma mutum ɗaya tak da ya damu da shi ne ya yi masa. Wannan ya ci masa rai ƙwarai, ya yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba, Regula ce shaida.

"Je ka same shi mana," take cewa. "Ku ba yara ba ne."

"In ce masa me? In ba shi haƙuri don na faɗi gaskiya?"

"Ka ce masa kana kewarsa, sakarai."

Bai je ba. Kafaɗar ta ƙarasa lalacewa, yana da hamsin da biyar ya sauko daga rufi gaba ɗaya. Regula ta rasu bayan shekara uku. 'Yarsu tana Zurich, takan bugo waya ranar Lahadi. Abin da ya rage masa shi ne yayyafa wa ƙanƙarar ƙauye ruwa da safe kafin a fara wasa, da kuma labarin. Da fari kunyarsa yake ji, in an tayar sai ya kau da kai. Sannu a hankali ya fara ba da shi da kansa, ya goge shi ya yi masa kwalliya, duk baƙon da ya shigo sai ya sha shi. A gaskiya har ya fara isar mutane. Amma wa zai hana shi? Bai ga Kanada ba, bai sa jar riga ba, ba mata, ba aboki. Idan ya zauna shi kaɗai baƙin ciki ya taso masa, abu ɗaya yake riƙewa, cewa ranar da aka gwada shi bai gaza ba.

Bara da kaka aka ce huhun Balz ya ƙi, likitoci sun sallamo shi gida. Koni ya kwana uku yana saƙa da warwara, ran na huɗu bayan abincin rana ya sa rigarsa ta zuwa coci ya hau benen shagon cuku. Marlis, matar Balz, ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sai yanzu?" Ta nuna masa ɗakin ta koma kicin.

Balz na kishingiɗe a kujera, bargo a gwiwa, robar iska a hanci. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa.

"Ɗan rufi," ya ce. "Ka tsufa."

"Kai kuma ka ƙara kyau."

Suka yi dariya kaɗan, tari ya katse ta Balz. Suka taɓa zancen shanu da na sabon fasto. Da Koni ya tsaya a nan, da an rabu lafiya. Amma mutumin da ya shekara ashirin da huɗu yana shirya magana ba ya iya haɗiye ta.

"Balz, na san na raba ka da abin da ka fi so a duniya. Ya dame ni, Allah ya sani. Amma ka san ba ni da yadda zan yi. Ko yau aka maimaita, hannun nan zan ɗaga."

Fuskar Balz ta canja.

"Ko yau," ya ce.

"Ko yau."

"Buɗe durowar can ta ƙasa. Akwai kaset. Sa shi."

Tsohuwar na'urar bidiyo tana nan ƙarƙashin talabijin, Balz bai taɓa yarda a zubar da ita ba. Ya ce wani ma'aikacin talabijin ne ya ba shi kaset ɗin mako biyu bayan wasan, hoton na'urar da aka rataya a saman fili, wanda ba a nuna wa jama'a ba. Ba sai an nemi wurin ba, kaset ɗin a daidai nan yake tsaye, hoton har ya ɗan koɗe don yawan kallo.

Ga dutsen daga sama, ga ƙeyar mutum biyu, ga tsintsiyoyi suna kai da komo. Balz ya danna maɓallin da ke hannunsa, hoton ya koma tafiyar hawainiya. Suka shiga gida. Tsintsiyar Fredi ta zo ta bugi kan ta Koni, ta Koni ta ɗan yi tsalle gefe. Balz ya tsayar. Tsakanin tsintsiyar Koni da dutsen akwai farar ƙanƙara, fili guda, a sarari, ko makaho ya shafa zai ji.

"Ba ka taɓa shi ba," in ji Balz. "Ko kusa."

Koni ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. "Mayar baya."

Aka mayar. Aka sake mayarwa.

"Amma na ji shi, Balz."

"Ka ji. Tsintsiyar Fredi ka ji. Shi ko sani bai yi ba, har ya mutu."

"Tun yaushe..."

"Na gaya maka, mako biyu bayan wasan." Balz ya ja iska da ƙyar. "Da ka taɓa dutsen nan, Koni, da tun a mota na yafe maka. Kowa na taɓawa. Amma sau biyu na tambaye ka, ka dubi tsabar idona ka ce ka tabbata. Ba ka tabbata ba. Tsoro ka ji kada a ce ka ɓoye."

"Me ya hana ka nuna mini?"

"Na zo har ƙofar gidanka da shi a aljihu. Ta taga na hango Regula tana goge farantin nan naka na gilashi. Sai na juya. Na kasa ƙwace maka shi, na kuma kasa zama ina jin kana ba da labarinsa. Da ka rufe bakinka yau, da na tafi da abina kabari."

Koni ya ji wani irin sanyi ya shige shi wanda bai taɓa ji a bisa ƙanƙara ba. Ashe sun ci. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce, ranar Lahadi da hantsi, shi da Balz sun ci gasar ƙasa, halal ɗinsu, ba wanda ya ƙwace musu sai shi.

Yatsan Balz ya zame daga maɓallin, hoton ya ci gaba da kansa. Dutsen ya kwanta a cibiya. Tsintsiyar Fredi ta tashi sama. Ga Balz da baƙin gashinsa ya zube gwiwa biyu. A gefensa wani ƙaƙƙarfan mutum yana tsaye yana kallon tafin hannunsa, ya fara ɗaga na hagu a hankali.

"Sauke," in ji Koni. Ya ɗora tafinsa a kan gilashin. "Sauke hannun nan, ɗan banza. Sauke mana."

Mutumin da ke cikin talabijin ya ƙarasa ɗaga hannunsa.